Gashin Bakin Aro

Masu karatu, kafin wata ta turo min da wa'azi ta akwatin saƙo, ku bari in gama tukuna. Wa'azin ba zai lalace ba, ku ajiye shi a firji. Sunana Hiyam, ina zaune a Beirut tare da iyayena a hawa na huɗu, a benen da lif ɗinsa ya rasu tun ina sakandare kuma har yau ba a yi masa jana'iza ba. Na kusa talatin ban yi aure ba, abin da Mama take faɗa da irin muryar da ake sanar da ciwon daji. Da safe ina sayar da magani a kantin unguwa. Da yamma kuwa, abin da gida suka sani shi ne ina "taimaka wa wasu yara da waƙa". Yaran nan, ƙaraminsu ya fara sanƙo.

Gaskiyar magana, 'yar wasan kwaikwayo ce ni, irin wanda ake yi da waƙa da rawa a kan dandamali. Gidan wasanmu wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa a Hamra, mai warin danshi da tsohuwar taba. Da ƙarfe biyar muke farawa, saboda mai janareton layin yana da lokacinsa, kuma ba ya jin fasaha. Wasan da muke yi yanzu sunansa "Ango Mai Jar Dara". Labarin wata budurwar ƙauye ce da ta yi shigar maza, ta liƙa gashin baki, ta je neman auren yarinyar da take so. Ni ce angon. Amaryar kuwa Sulafa ce, kuma a nan ne zan roƙe ku ku gyara zama, domin son da nake yi mata ba na cikin wasa ba ne. Shekara uku ke nan. Na san kalmar da ta zo bakinku yanzu. Ku haɗiye ta, na ji ta da yare uku, ba ta taɓa rage min komai a kan Sulafa ba.

A wajen Mama, Sulafa ita ce "abokiyar aikin nan taki da ba ta cin albasa". Ba su taɓa haɗuwa ba. Amma duk ranar da aka yi kubba, ƙwallon nan na nama da alkama, a gidanmu, sai Mama ta ware wasu ta soya daban, tana mita.

"Wace irin halitta ce ba ta cin albasa? Uwarta ba ta yi mata tarbiyya ba ne? Ungo, kai mata, kar ta mutu a hannunmu."

Wasanmu ƙarshe biyu gare shi. Daraktanmu Nazih, mutumin da yake ɗaura gyale a wuya ko ana zafin da kwalta ke narkewa, shi ya tsara haka. Akwai ƙarshen baƙi: ango ya murza gashin baki, ya rungumi amarya, a saki labule, kowa ya tafi gida yana cewa an yi barkwanci. Akwai kuma ƙarshen gida: ango ya fizge gashin bakin, ya cire dara, gashinsa ya zubo, amarya ta dube shi ta rera cewa ai ta sani tun ranar farko, kuma saninsa ne ya sa ta amsa. Madam Odet mai yanka tikiti ita ce alƙalinmu. In ta ga fuskar da ba ta yarda da ita ba, irin masu zuwa su kaɗai da takalmi mai sheƙi, sai ta turo saƙo: "Akwai baƙi." Ranar nan gashin baki yana nan daram.

To, ranar Alhamis muna gwaji, gam ɗin da muke liƙa gashin bakin da shi ya ƙare, Nazih ya sayo wani mai araha. Ya riƙe kam, ba laifi. Da na ɓamɓare shi sai da na ga taurari. Safiyar Juma'a na tashi da saman leɓena ja zur, daga gefe zuwa gefe. Ranar ce kuma Gassan da mahaifiyarsa za su zo shan gahawa, zuwa na uku ke nan. Gassan mai sayar da tayil ne a Abidjan, ya zo hutu neman mata kamar yadda wasu ke zuwa gyaran haƙori. A zuwan farko na fito da rigar barci. A na biyu na ce kaina yana ciwo. Mama ta yi kuka, ta ce ni ce ajalinta.

Ina fitowa daga bayi muka yi kiciɓis a lungu. Ta tsaya cak da tiren kofuna a hannu, ta zuba wa bakina ido.

"Hiyam."

"Na'am, Mama."

"Zo nan, zo wajen haske." Ta ajiye tiren, ta kama haɓata ta juya. Sai na ga idonta ya ciko. "Halawa kika yi?"

Ku da kanku kun san zancen. Macen da ta dafa sukari ta tsige gashin leɓenta ranar da maneminta zai zo, ai ta gama magana. Ba sai an tambaye ta ba. Na buɗe baki in ce wani abu, sai na rasa wanne zan zaɓa: in ce gam ne na gashin bakin da nake auren mace da shi duk Asabar da Lahadi? Na yi shiru. Mama kuwa ta ɗauki shirun ta kai shi inda take so.

"Allah na gode maka! Abu Wasim! Abu Wasim, 'yarka ta yi hankali!"

Baba ya amsa daga baranda ba tare da ya sauke jarida ba. "Madalla. Sai a gaya min in ta gama."

Kafin la'asar an cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da ba a yi ba tun rasuwar kakata. An fito da kofunan nan masu bakin zinariya. Mama ta cusa ni cikin wata riga ruwan hoda mai leshi a wuya, wadda ta mai da ni kamar kek ɗin suna, ta kuma hana ni shafa hoda a leɓe.

"Bar shi a gani, habibti. Ba abin kunya ba ne."

Tante Wadad, uwar Gassan, ta shigo tana haki saboda matakala, da awarwaro har gwiwar hannu da turaren da ya riga ta isowa. Ta sumbace ni sau uku, ta ja baya, ta ga leɓen. Sai ta dubi Mama, Mama ta dube ta. Wallahi ko takardar kotu ba ta kai wannan kallon ƙarfi ba.

"Im Wasim, yarinyar nan ta yi fes yau."

"Ai ita ta shirya kanta, Wadad. Ko uffan ban ce mata ba."

Aka bar ni da Gassan a baranda don mu fahimci juna. Na fahimci tayil. Na fahimci bambancin na Italiya da na Sifen, da dalilin da ya sa ba a sa mai santsi a bayi. Kada ku ce mugu ne, ba mugu ba ne. Yana da tsafta, yana tashi in babba ya shigo, kuma da na yi tari ya miƙo min ruwa. Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba laifinsa ba ce.

"An ce kina son waƙa," ya ce.

"Ina taɓawa."

"Ni ma ina so. A mota." Ya yi murmushi. "Gobe ina da abin mamaki a gare ki."

Na ce Allah ya kai mu, a raina ina cewa wataƙila samfurin tayil ne.

Suna fita Mama ta hau waya. Kafin magariba innata ta garin Saida ta sani, gwaggona ta Kanada ta sani, har mai kantin ƙasa ya ce min mabruk, wato barka. Na kulle ɗaki na rubuta wa Sulafa abin da ya faru, da 'yan fuskokin dariya, ko za ta ɗauke shi da wasa.

Ta amsa: "Barka, amarya. A gayyace ni, na iya rawa."

Na ce: "Sulafa, gam ne fa."

"Na san gam ne. Ni na riƙe miki madubi. Me kika ce wa mamanki?"

"Ban ce komai ba."

"Kin ƙware a nan."

Na tura mata zuciya. Ta gani, ba ta amsa ba. Ita Sulafa ta gaya wa nata gidan tun tuni, kuma tun ranar ba wanda ya sake kiran wayarta sai wata ƙanwa da ke yi a ɓoye. Tana zaune ita kaɗai a ɗaki guda da mage mai ido ɗaya. Ba ta taɓa ce min in yi abin da ta yi ba, ko sau ɗaya. Da ma za ta ce, da na samu abin yin faɗa a kai.

Ranar Asabar ina gaban madubi, na sa wando mai faɗi da falmaran, na tura gashina cikin dara, Sulafa tana liƙa min gashin bakin. Sai waya ta yi ƙara. Madam Odet ce.

"Akwai baƙi."

Kafin in ajiye, wani saƙon ya shigo: "Naki ne."

Na leƙa ta tsagar labule. Layin farko, tsakiya. Mama cikin shuɗiyar rigarta ta zuwa biki, da mayafin da ta yi wa guga, jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Tante Wadad tana fifita da takardar shiri. Gassan da furen da ya kai girman buhun shinkafa. Abin mamakin ke nan. Ashe ya ga sunana a hoton tallan wasan, ya ce bari ya burge.

Nazih ya zo yana jan gyalensa. "Ƙarshen baƙi, Hiyam. Ba na son a sume min a gidan wasa, ba mu da inshora."

Na dubi Sulafa. Tana cikin farar rigar amarya, tana gyara lulluɓi a madubi, ba ta juyo ba.

"Ki bar shi a fuskarki," ta ce a hankali. "Ba komai. Na saba."

Da zagina ta yi, da na ji sauƙi. Wannan "na saba" ɗin ya zauna min a ƙirji kamar dutsen niƙa, na hau dandamali da shi.

Ina fitowa da sandata da taƙamata, muryar Mama ta ratsa ɗakin gaba ɗaya.

"La! Wallahi Hiyam ce! Wadad, dubi 'yar banza, sak kawunta Adnan!"

Mutane suka fashe da dariya. Ku sani, 'yan kallonmu yawancinsu namu ne. Akwai samarin da ke zuwa bibbiyu su zauna da kujera ɗaya a tsakaninsu, sai an kashe fitila hannu ya nemi hannu. Akwai wasu dattijai mata biyu da ba sa fashin Asabar, waɗanda unguwarsu ta sani a matsayin 'yan uwan juna shekara da shekaru. Ba barkwancin ke kawo su ba. Suna zuwa ne saboda 'yan mintocin ƙarshe, su ga an faɗi abinsu da ƙarfi a cikin haske, da kiɗa, ba wanda ya mutu a ƙarshe. Yau ga shi an kawo musu Im Wasim kyauta.

Mama ta ji daɗin wasan fiye da kowa. Da na yi waƙar neman aure a ƙarƙashin taga, ta yi tafi. Da uban amarya ya kore ni da tsintsiya, ta ce masa Allah ya isa. Da aka zo wurin ɗaurin aure, ganga ta tashi, aka jera ana rawar dabke, Sulafa ta fito cikin fari, sai uwata ta manta inda take. Ta miƙe tsaye, ta kare baki da tafin hannu, ta rangaɗa guɗa tun daga cikinta, irin wadda ta daɗe tana ajiye wa ranar aurena.

Jama'a, shekara nawa nake jin labarin guɗar nan. "Ranar da zan yi miki guɗa, sai an ji a tsibirin Ƙubrus." Ga ta an yi, ina riƙe da hannun wadda nake so, kuma uwata ba ta san abin da take yi wa guɗa ba. Ina murmushin ango, amma hawaye ne ke neman ɓata min kwalli.

Kiɗa ya sauka. Mai goge ya ja dogon sautin nan da ke jiran abin da zan yi. In na murza gashin baki, mai labule ya saki igiya, shi ke nan, gobe a sa rana. Na ɗaga hannu. Sulafa tana kallon ƙasa, ta riga ta shirya fuskar ƙarshen baƙi, fuskar da na ga ta sha sawa saboda ni a titi da kanti da gidan biki. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na kama gefen gashin bakin, na fizge.

Gam ɗin Nazih bai ba ni kunya ba, sai da na ce wash a gaban jama'a. Na cire dara, gashina ya zubo. Sulafa ta ɗago, ta makara da shiga waƙar har mai goge ya sake zagayowa. Sannan ta rera. Ta ce ta sani tun ranar farko, tun daga yadda na riƙe kofi, kuma ba gashin baki ta aura ba. Ta sa goshinta a nawa. Wannan ba ya cikin abin da Nazih ya tsara.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Dattijan nan biyu suna kuka. Gassan ya miƙe yana tafi da furen a hammata, yana cewa an yi fasaha. Na ji Tante Wadad tana tambayarsa da ƙarfi, "To yaushe namijin gaskiyar zai fito?" Mama ce kaɗai a zaune. Fitila tana kan fuskata, kuma ba idona take kallo ba. Saman leɓena take kallo, wanda ya yi ja zur daga gefe zuwa gefe, irin na jiya sak.

Muna ɗakin canza kaya aka turo ƙofa ba sallama. Ita kaɗai ce. Nazih, jarumin maza, ya tuna yana da aiki a waje. Mama ta dubi teburin, ta ɗauki kwalbar gam ta shinshina, ta ajiye.

"Ashe ba halawa ba ce."

"Ba ita ba ce, Mama."

"Ni kuma na kira har Kanada."

"Na sani."

"Kin sani." Ta gyaɗa kai. "Kika bar ni na cire ledar kujeru."

Ta juya wajen Sulafa, wadda ke tsaye a lungu da lulluɓi a hannu. Ta dube ta daga sama har ƙasa, a tsanake, yadda take duba kifi a kasuwa.

"Ke ce ba kya cin albasa?"

"Ni ce, Tante."

"Tun yaushe nake soya miki daban?"

"Shekara uku, Tante."

Mama ta dube mu. Na ga tana lissafi a fuskarta, na ga inda lissafin ya tsaya. Na jira mari, na jira kuka, na jira ta ce ni ce ajalinta, wanda a wannan karon da ta yi gaskiya. Sai kawai ta gyara mayafi, ta matsa kusa da teburin kamar mai neman wani abu, ta juya.

"Ki shafa madara mai sanyi a wurin, kar ya yi tabo," ta ce, ta fita.

Gassan ya ba ni furen a bakin ƙofa, ya ce in mun je Abidjan zai nema min makarantar yara in riƙa yi musu irin wannan. Na ce na gode. Ban bi su gida ba. Na tafi ɗakin Sulafa, na zauna a ƙasa da rigar ango, magen tana harara ta da idonta guda. Sulafa ta kawo madara da auduga tana dannawa a leɓena.

"Ban ce ki yi ba fa," ta ce.

"Shi ya sa na yi."

"In ta kore ki, katifar nan ba ta ɗaukar mutum biyu da mage."

"Sai magen ta nemi miji."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, muka yi tare. Ana kiran isha'i wayata ta yi haske. Mama ce. Ba ta iya dogon rubutu ba, saƙonninta guntu-guntu suke zuwa, kowanne sai ka jira shi.

"Gobe da azahar akwai kubba."

Na nuna wa Sulafa. Wani saƙon ya shigo.

"Kashi biyu na kwaɓa. Ki zo da ita."

Muka dubi juna. Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Babanki yana gida. Ban gaya masa komai ba, ba kuma zan gaya masa ba. Bakinki ne."

Na rubuta cewa gobe Lahadi muna da wasa, ko za a ɗaga zuwa wani makon. Kun san hali, mai neman hanyar gudu ba ya raina tsaga. Amsar ba ta ɓata lokaci ba, har da hoto: jakar Mama a buɗe a kan teburin kicin, a ciki ga carbi, ga maganin hawan jini, ga wani baƙin abu naɗe a tishu.

"Gashin bakin yana wurina. Ki zo da fuskarki."